Ranar da Inna ta ga marigayi mahaifinmu a bakin ƙofa

Shekarun baya can, mahaifiyata ta kamu da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson. Ina aiki a Dutse, ita tana Aujara tare da ƙanwata. Magani ya karɓe ta, har ta koma dama fura da hannunta. Da jikin ya sake yin nauyi, likita ya ƙara mata yawan ƙwayar.

Ba a jima ba ƙanwata ta kira ni. "Yaya, ka zo. Inna tana shimfiɗa wa mutanen da ba ma gani tabarma."

Na isa bayan la'asar ina ta cika baki, wai ni ɗan boko, zan kwantar wa kowa da hankali. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau. Sai ta kalli bayana ta gyara mayafi.

"Matsa mana, ka tare wa Malam hanya."

Malam mahaifinmu ne, kuma ya daɗe da rasuwa.

"Inna, wane Malam?"

"Ga shi nan tsaye da farar rigarsa. Cewa yake in tashi mu tafi."

Wallahi kasa waiwayawa na yi. Tun muna yara muke jin cewa idan mara lafiya ya fara ganin mamata, to tafiya ta zo. Ƙanwata ta fashe da kuka. Maƙwabta suka ce a zubar da maganin, a nemo mai ruƙiyya.

Washegari na ɗauko ta zuwa Dutse, ina riƙe da hannunta, ina leƙa fuskarta duk lokacin da ta rufe ido.

Likita ya saurare mu, ya ce maganin kan jawo wa wasu tsofaffi gane-gane. Ya gargaɗe mu kada mu kuskura mu tsayar da shi gaba ɗaya, jiki na iya sandarewa. A hankali ya rage mata. Karkarwar ta ɗan dawo, gane-ganen suka ɗauke.

Wata rana ina ba ta ƙwayar ta ce, "Likitanku ya kore mini baƙo. Ni fa ban ji tsoro ba, daɗin ganinsa na ji."

Tun daga nan, duk baƙon abin da na gani a jikinta, likita nake fara tambaya. Amma har yau idan na tuna maganarta, sai in rasa ko murna zan yi ko kuka.