Dardumar Mabruka

Ran Talata, tara ga Maris 1993, na fara ganinsa a ƙofar ofishinmu na kasuwar birnin Ƙairawan. Tsoho ne mai jar hula da kaurin yatsu, ina jin magini ne. Yana zaune da darduma rabin saƙa a cinyarsa, yana warware ƙullin ulu ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowanne.

Wani dillali ya tsokane shi: "Baba, mata na saƙawa, kai kana warwarewa?"

"Matata Mabruka ce ta rasu ba ta gama ba, ɗana. So nake in ga yadda take ƙullawa, in ƙarasa mata."

Kowane mako dardumar sai ƙara gajarta take yi. Kafin watan Yuni, zare kawai ya rage a kwandonsa. Bai iya ƙullin ba, bai kuma sake zuwa kasuwa ba.