Shekarar da Kawu Ya Raba Kayansa

Ban daɗe da dawowa Dutse ba Kawu ya zo mini da maganar wuyansa. Jihar sabuwa ce a lokacin, an kwaso mu ma'aikata daga Kano an zube a garin da bai shirya wa baƙi ba, mu huɗu muke raba tebur ɗaya a ofis. Da ƙyar na samu ɗaki biyu a unguwar Takur ni da iyalina. Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye can bayan Buji, dogon mutum mai ƙaton murya da son barkwanci.

Da hantsi ya iso wata Asabar. Ya ajiye mana ƙullin wake, ya sha ruwa, sannan ya kama hannuna ya ɗora a gefen wuyansa. Kaluluwa ce guda uku, kowace kamar dabino, ba ta zafi.

"Wata huɗu ke nan," in ji shi. "An sha rubutu, an yi turare, an shafa man shanu. Innarka ta ce tunda kai na gwamnati ne, in zo ka kai ni inda ake dubawa."

A asibitin garin aka ɗebi jininsa, aka ce fararen ƙwayoyin jinin sun yi yawa fiye da ƙima, aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Kano. Likitar da muka samu can mace ce, ba ta da hayaniya. Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da mu ta ce sankarar jini ce, amma irin wadda take zuwa wa dattawa ta daɗe a jiki. A wasu takan yi shekaru ba ta motsa ba, a wasu kuma takan yi sauri. Ta ce akwai wani sinadari, furotin, a cikin jini da yawansa kan nuna wace iri ce, sai dai ba sa auna shi a wurinsu, za ta aika da jinin can kudu, mu dawo bayan mako shida.

Duk cikin bayanin nan kalma ɗaya Kawu ya ji: sankara.

Bayan mako uku Inna, matarsa, ta aiko a ce mini in zo maza. Na ɗauka jikin ne ya tashi. Da na isa sai na tarar da shi kwance a kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya harɗe hannu a ƙirji. Ashe kayansa ya raba kaf. Kekensa ya ba ladanin masallacinsu, rediyo ya ba wanzami, shanun huɗarsa biyu ya kora gidan ƙanensa. Ya bi gari gida-gida yana neman gafara, har wurin maƙwabcin gonarsa da suka shekara goma ba sa ga maciji saboda rigimar iyaka.

"Ka gan shi nan," in ji Inna, tana tankaɗe. "Wai jiran tafiya yake. Amma malmala uku yake tashi da ita, ya nemi ƙarin miya."

"To da yunwa zan tafi?" Kawu ya amsa daga kan tabarma, bai ko buɗe ido ba.

Na yi dariya, amma da na fita bayan gida sai da na share hawaye.

Ranar komawa Kano da ƙyar ya yarda ya biyo ni, wai ɓata man mota ne. Likitar ta buɗe takardar ta yi murmushi.

"Baba, furotin ɗin nan kaɗan ne a jininka. Ƙwayoyin cutar ne suke ƙara yawansa. In sun yi yawa suna ta hayayyafa, sai a gan shi ya hau. Naka bai hau ba, saifarka ba ta kumbura ba, jininka bai ragu ba. Duk alamun suna nuna taka mai tafiya a hankali ce."

Kawu ya shafa gemu. Ya ce, "Wato kamar buhun wake. In kana son sanin ɓarnar ƙwaro, sai ka duba garin da ya taru a gindin buhu."

"Haka ne, Baba. Garin buhunka kaɗan ne."

"To shekara nawa ta rage mini, 'yata?"

"Wannan ba ni da saninsa, na Allah ne. Alama kawai nake gani, kuma alamar mai kyau ce. Ka je ka yi nomanka, ka riƙa zuwa duk wata uku muna dubawa."

Ya miƙa hannu yana jiran takardar magani. Ta ce babu magani yanzu, domin irin wannan ba a taɓa ta sai ta motsa, maganin da wuri wahala kawai zai ƙara masa. Wannan ya ɓata wa Kawu rai ƙwarai. Har muka fito yana mita, wai tun daga Buji ya zo ko allura ɗaya ba a yi masa ba. Sai da muka shiga mota ya dafe kai ya ce, "Kai, ɗan nan! Ga damina ta ƙarato, ni kuwa ba ni da shanu."

Shanun ba su yi wuya ba, ƙanensa da kansa ya koro su yana hamdala. Wanzami ma ya dawo da rediyo. Ladan ne ya ƙi. Ya riga ya sa wa keken sabuwar ƙararrawa da tufkar roba ja da kore a sitiyari.

"Malam, kyauta ka ba ni a gaban mutane," in ji ladan, yana danne dariya.

"Kyautar mai mutuwa na ba ka. Tunda an ɗage tafiyar, ai sai ka dawo mini da abin hawana."

A ƙarshe liman ya raba musu: Kawu ya riƙe keke, ladan ya riƙa hawa ranar kasuwa. Abin da Kawu ya kasa warwarewa shi ne sulhun da ya yi da maƙwabcin gonarsa. Yakan ce da ya san zai daɗe haka da bai yi gaggawa ba, ga shi yanzu kullum sai ya gaishe shi. Amma tare muke ganinsu suna cin gyaɗa a bakin iyakar.

Haka muka shiga wani sabon zama. Duk wata uku Kawu zai sauka a Takur, ya kwana, ya cika mana gida da surutu, mu wuce Kano da safe. Ya aurar da autarsa, ya ga 'ya'yanta biyu. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, ko'ina ka zauna gardamar halas da haram ake yi, sai wani mai karatu a garinsu ya ce masa wannan awon jinin da ke faɗin abin da zai zo bai da maraba da duba. Kawu ya tambaye shi ko ya taɓa ganin hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa. Ya ce ya taɓa. Kawu ya ce, "To kai ma boka ne." Aka kwashe da dariya, shi ma mai karatun ya dara.

Sai a shekara ta tara furotin ɗin ya fara hawa, kaluluwar ta ƙaru, gajiya ta kama shi. Likitar ta gaya masa gaskiya, ta ɗora shi a kan ƙwayoyi. Wannan karon bai kwanta ba. Ya ƙara damina biyu, ta ƙarshen yana zaune a inuwa yana ba masu noma umarni da ƙarfin murya. Ya rasu bayan an gama kai amfanin gona gida, da la'asar, iyalinsa na kewaye da shi.

A daminarsa ta ƙarshe ya sa na kawo masa dashen mangwaro shida daga Dutse, wai na aure yake so, mai zaƙi marar zare. Shi ya nuna inda za a haƙa ramukan a bayan gida. Huɗu suka kama. Bara da na je gaishe da Inna ta ciko mini kwarya da 'ya'yansu. Duk masu zare ne, amma akwai zaƙi.