Kyaftin Mai Awon Jakunkuna

Mijin yayata ya shekara goma sha tara yana awon jakunkuna a ƙaramin filin jirgin garinmu, amma ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Duk da haka Kyaftin ake kiransa, kuma da ƙarfinsa yake amsawa. Filin ma ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki ɗaya mai kujerun roba, fanka mai kuka, da sikelin da sai an ɗan buge shi yake nuna lamba. Jirgi ɗaya ne ke sauka, Talata da Juma'a, ya kwashi mutum goma sha takwas ya kai su wani fili irin namu a bayan duwatsu. A garin can mahaifiyar Kyaftin take zaune.

Ta sama kilomita ɗari da tamanin ne, minti talatin da biyar. Ta ƙasa kuwa sai mota ta zagaye duwatsun, awa takwas cur. Kyaftin ya haddace lissafin sama kamar shi ya zana taswirar. In aka tambaye shi yaushe rabonsa da tsohuwa, sai ya gyara katin aikin da ke rataye a wuyansa, wanda ko gidan biki ba ya cirewa, ya ce ai nan da can taku biyu ne. Takun nan biyu shekara huɗu bai yi su ba. Motar haya kuma, a cewarsa, ta waɗanda ba su san darajar lokaci ba ce. Ni dai tun ranar da na ji wannan magana ya fice mini a rai.

Wata Lahadi ƙanwarsa ta bugo waya ta ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, shi take ta kira. Nan take yayata ta haɗa jaka. Gogan naka ya ce ta kwantar da hankalinta, ma'aikatan fili suna da kujera kyauta in jirgi bai cika ba, Talata zai sauka kamar babban mutum. Ta roƙe shi har ta gaji, ya ce ba zai je gaban uwarsa a yamutse kamar kayan wanki ba. Sai ta kira ni, muka nufi tasha mu biyu.

Ranar Talata jirgi ya cika maƙil. Da hannunsa ya auna jakunkunan mutane, ya liƙa musu takarda, ya tsaya a taga yana kallo har jirgin ya tashi. Ko a lokacin, da ya sauke girman kai ya je tasha, da ya samu tsohuwa da rai. Bai je ba. Ya bugo ya ce mana Juma'a ai kamar gobe ce.

Tsohuwa ta cika ranar Laraba da hantsi, hannunta a cikin na yayata.

Juma'a ya samu kujerarsa. Ya shigo gidan, takalminsa na sheƙi, ya tarar ana naɗe tabarmin 'yan gaisuwa. Ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ko awa ɗaya ba a yi ba na jiyo shi a tsakar gida yana ba wani maƙwabci labarin yadda duwatsu ke zama 'yan mitsi-mitsi in kana sama.

Ƙanwarsa ta fito daga ɗakin marigayiyar, ta tsaya a kansa.

"Yaya, tun Lahadi ta sa muka juya mata gado ya kalli ƙofa. Ranar Talata da yamma ta ce mu mayar da shi yadda yake."