Zoben Da Inna Ta Daka A Turmi

Mai girma edita, ina gaisuwa. Kada ku nemi sunana don ba zan bayar ba. Mutanenmu na Madina da sun ji an ambaci turmi za su gane ni, su kuwa sun gama yi min dariya tun tuni. A lokacin da abin nan ya faru na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, ina da ɗan tebur a kasuwar gefen Harami, ina sayar wa alhazai tasbaha da darduma da kwalli da turare. Boko ban yi ba. Allo ma tun a ƙananan surori na tsere, malam ya gaji da aikowa a kamo ni ya bar ni da halina. Abu guda na iya a duniya, kuma na iya shi har ya wuce misali, wato ciniki. In alhazan Nijeriya suka sauka da goro da daddawa da kuka don su sayar su ƙara guzuri, ni ne farkon mai tarar su. Sai in ɗauki goro lafiyayye in juya shi, in yatsina fuska, in ce zafin jirgi ya dafa shi. In taya abin da ni kaina nake jin kunyarsa, mai kaya ya ce albarka, in kaɗe riga in juya in kama hanya. Ba na sauri, ba na waiwaye. Kafin in sha kwana sai in ji an ce Alhaji zo mana. Da wannan kiran na ciyar da gidana shekara da shekaru, har na ɗauka haka duniya take, duk wanda ka juya wa baya zai kira ka.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, a ƙasa ta zo ƙasar nan tare da mahaifinmu, ta Chadi da Sudan, da yayata mace a goye, ni kuma ina cikin ciki. Abin da ta baro gida da shi mai daraja guda ne, zoben zinariya mai dutsen daimon, wanda Larabawa ke ce wa almas. Mahaifinta bafatake ne, a Kurmi ya samo shi, ya sa mata a hannu ranar da za su rabu, kuma ba su sake ganin juna ba. A wani zango a hanya wasu mahaya da bindigogi suka afka wa ayarinsu. Inna tana tsaye tana dakan dawa. Sai ta zare zoben ta sake shi cikin turmi ta ci gaba da daka. Mutanen nan suka zazzage jakunkuna, suka kwance ɗamarar maza, har kitson mata sai da suka laluba, amma babu wanda ya leƙa turmin mai tsohon ciki da ke ta luguden taɓarya tana zufa. Da suka tafi aka tono zoben ya lanƙwashe, gefen dutsen ya ɓare. Wani maƙeri a hanya ya miƙar da shi da awartaki, amma bai sake komawa da'ira ba har abada. Kowace Sallah sai Inna ta tara mu ta ba da labarin nan, ta miƙa hannu kowane yaro ya shafa wurin ɓarin da yatsa. Takan ƙare da cewa ranar ayari ya ci tuwon daimon, ni kuma a cikin ciki na ci rabona, shi ya sa kaina ya yi tauri.

Inna ta rasu a shekarun da kuɗin fetur suka fara cika gari, zinariya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Muka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Mu uku ta bari: Yaya, da ni, da ƙanenmu da ke aiki a matatar mai ta Yanbu. Tukwane da barguna aka raba su ba gardama, amma zobe ba ya rabuwa uku. Yaya 'ya'yanta duk maza ne, ƙanenmu bai haihu ba tukuna, ni kuwa ina da 'ya mai sunan Inna. Sai su biyun suka shirya a tsakaninsu cewa ni zan riƙe zoben, in biya su rabonsu bisa ƙimar da mai shagon zinariya ya yi masa, in ajiye wa yarinyar har ranar aurenta. Ku ji da kyau, don nan ne abin ke ci min rai har yau: ƙimar ba ta fi ƙarfina ba. Kuɗin suna cikin aljihuna ranar da na tafi gidan Yaya. Kuma ina son zoben nan, wallahi ina son sa fiye da teburina da abin da ke kansa.

Bayan la'asar muka zauna, aka kawo shayi da na'ana'a da dabino. Yaya ta ɗauko tsohon kallabin Inna ta kwance ƙullin da ke gefensa, ta ajiye min zoben a tafin hannu. To, ban san lokacin da hannun nan ya fara aikinsa ba. Na ɗaga zoben wajen hasken taga, na juya shi, na ji fuskata ta yatsine da kanta kamar an miƙo min goro. Na ce zinariyar tsohon yayi ce, ta sha gami. Na ce dutsen da ya ɓare ba shi da kasuwa, ko Bature ba zai kalle shi ba. Na ce mai shagon da ya yi ƙimar ko dai bai sa tabarau ba, ko kuma tausayin marayu ya ji. Ƙanenmu, da yake haihuwar nan ne bakinsa ya fi saurin Larabci, ya ce min haram alaik, in ji tsoron Allah. Mijin Yaya yana gefe yana kurɓar shayi yana murmushi. Maimakon in tsaya sai na ƙara wuta, don a kasuwa in aka fara yi maka wa'azi to an kusa sallamawa. Na ajiye zoben a kan tabarma na ce, "Kayan da aka riga aka daka a turmi, nawa za a saye shi?" Na taya rabin ƙimar.

Yaya ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki zoben ta mayar cikin kallabi ta ƙulle. Ni da na san mai kayan da ya yi shiru ya fara laushi, sai na miƙe na kaɗe riga na yi sallama na fita. Na bi lungun a hankali. Na sha kwana. Babu wanda ya kira ni.

Ko a jikina. Na ce a raina gobe za ta aiko. Matata ta ce in koma in ba Yaya haƙuri tun abin bai yi tsami ba, na ce mata ta bar maganar ciniki ga waɗanda suka san shi, wanda ya fara komawa shi ke biya da tsada. Azumi ya shigo, masu Umara suka cika gari, na shagala da tebur. Ina haɗuwa da mijin Yaya a masallaci mu gaisa, in ƙi tayar da zancen don kada a ga ina so. Ana cikin haka wata safiya sai ga shi a gaban teburina. Ya ɗora ambulan a kan tasbahohi ya ce rabona ne, an sayar da zoben a layin masu zinariya, har an samu abin da ya ɗara ƙimar, shi ke nan, kowa ya huta. Ya ƙara da cewa tunda masanin kasuwa irina ya ce kayan ba su da daraja, ai sun yi sa'a da suka samu mai saye. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai jinina ya hau. Tun Inna na kwance yake lissafin farashin giram, na sani, kowa ya sani. Amma wa ya buɗe masa ƙofa? Da na biya ranar nan da ko ƙurar zoben bai taɓa ba.

Na bar teburin a buɗe na ruga shagon da ya kwatanta min. Kuma a nan, ni da nake taƙama ban taɓa yabon kaya a gaban mai su ba, na tsaya ina haki ina gaya wa mai shago cewa zoben uwata ne, babu irinsa a duniya, ko nawa ya ce zan biya. Ku duba wautar nan. Mutumin ya gyara zama, idonsa ya yi haske, na gane kallon don nawa ne. Ya ce na yi sa'a, ya gama gyara shi. Zinariyar ta tafi cikin narki tare da sauran tsofaffin kaya, dutsen kuma ya aika Jidda an goge ɓarin an sake yi masa fuska, an ɗora shi a sabon gindi. Ya jawo tire ya ajiye a gabana. Zobba ne jere reras, kowanne da'ira kamar an zana, kowanne yana walƙiya. Na ce wanne ne? Ya nuna ɗaya, ya sake dubawa, ya ce a'a, wataƙila wancan ne na kusa da shi, ai duk tare suka dawo.

Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina shafa gefen dutsen da yatsa, kamar yadda Inna ke sa mu yi. Sumul. Babu inda yatsa zai tsaya. Abin da na zauna a gidan Yaya ina kushewa, shi nake nema yanzu ido rufe, kuma an biya wani kuɗi ya kankare shi. Na daɗe a tsaye ina shawara da zuciyata. Wata zuciya ta ce in sayi ɗaya in kai gida in ce shi ne, yarinya ba za ta sani ba. To in ta ce Baba ina wurin da taɓarya ta sama, in nuna mata ina? In sayi dutsen wata matar Jidda in ce na Inna ne? Na ture tiren na juya na fita. Ban kai bakin layi ba sai na ji muryarsa a bayana: "Ta'al ya hajj, zo mana, zan rage maka." Kiran da na yi ta jira ke nan, ya zo daga bakin da ba na so. Ban waiwaya ba, kuma wannan karon ba dabara ba ce.

Daga can gidan Yaya na wuce, ina tafasa. Na shiga ko zama ban yi ba na fara faɗa, na ce ta sayar da uwarmu ga masu narka ƙarfe, na ce ta bar mijinta ya shiga gadon da babu sunansa a ciki, na ce ko aike ɗaya ta kasa yi min, ni ɗan'uwanta ciki ɗaya. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce ranar nan ta biyo ni har bakin ƙofa, da zoben a hannunta, da niyyar ta ba ni shi kyauta ita ta ji da rabon ƙanenmu, don ta san halina ne ya motsa ba zuciyata ba. Ta ce, "Na buɗe baki zan kira ka, sai na ga ka rage tafiya a bakin kwana, ka karkata kunne, kamar yadda kake yi wa masu goro. Nan na gane ba fushi ka yi ba, ciniki kake da ni. Sai na rufe ƙofata."

Har yau ina ganin ba ta kyauta ba da ta sayar, kuma na faɗa mata haka ba sau ɗaya ba. Da ta jefa shi a akwati ta bar ni in sha wuya shekara goma, da ya fi. Ita ma daga baya ta ce fushi ne ya sa ta miƙa wa mijinta. Mutum biyu masu taurin kai, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana, na uku kuma yana gefe da ma'auni. Abin da 'yan bindiga suka kasa ƙwata a hannun mace mai ciki a tsakiyar daji, mu 'ya'yanta muka zubar da shi muna zaune a kan tabarma muna shan shayi.

Mai sunan Inna ta yi aure da gwala-gwalai sababbi daga kanti, masu kyau, babu mai labari a cikinsu. Jikokina in na fara ba su labarin turmi da Hausa sai su amsa min da Larabci, su tambaye ni ina zoben. Da na ce babu, sai hankalinsu ya koma kan talabijin. Ashe wancan ɓarin shi ke riƙe da labarin, ni kuma na ce ba shi da kasuwa.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman masu jin sun ƙware irina. Wayon da ke ciyar da kai a bakin tebur ka cire shi tare da takalmi in za ka shiga gidan 'yan'uwanka. In aka miƙo maka abin iyayenka, ko ya lanƙwashe ko ya tsage, kada ka ɗaga shi wajen haske kana neman aibu. Ka tambayi yadda aka yi ya tsage, ko da ka sani, sannan ka karɓa da hannu biyu. In kuma baki ya riga ya suɓuce har ka fita, ka juyo da ƙafarka tun kafin ka sha kwana, don ɗan'uwa ba mai goro ba ne, ba dole ne ya kira ka ba.

Da Yaya ta tsufa ta aiko aka kira ni, ta miƙo min kallabin Inna, ƙullin gefensa na nan da alamar inda zoben ya kwanta. Ya koɗe, asu ya ci gefe ɗaya, ko kyauta ba mai ɗauka a kasuwa. Na gan shi sarai, idona bai daina aikinsa ba. Amma na kama bakina.