Gawayin Turai

Turai 'yar Datti direban tifa ce, a gidan haya ta tashi can cikin Rigasa. Ba ta da fara'a, ba ta da ƙawaye, likitanci kawai ta sa a gaba. Da jarrabawar shiga jami'a ta matso, lissafin nauyin ƙwayoyin sinadarai ya tsaya mata a wuya. Takarda ba ta isarta, sai ta koma bangon tsakar gida da gawayi. Ta zana gida-gida, harafi a sama, lamba a ƙasa. Ruwa, sha takwas. Sukarin jini, ɗari da tamanin.

Bangon kuwa bayan ɗakin Ila mahauci ne, kuma a makon nan ne ɗansa ya fara shiɗewa. Wata maƙwabciya ta ƙare wa zanen kallo ta ce, "Wannan ai hatimi ne. Irinsa bokaye ke yi."

Ila ya dawo daga kasuwa ya tarar da Turai tsugune tana lissafi.

"Ke! Sunan wa kika rufe a gidajen nan?"

"Baba Ila, gishiri ne. Hamsin da takwas da rabi."

"Gishiri a bango? Ni za ki mayar mahaukaci?"

Ya suri taɓarya. Ta ɗaga hannun dama ta kare kanta, kowa ya ji ƙarar ƙashin. Ta faɗi, ya take yatsun da takalmi, ya murza. Wasu mata na salati, wasu na cewa, "Ƙara mata!" Ana cikin haka Datti ya shigo, ya koma mota ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya fasa wa Ila kai. Jini ya fantsama kan zanen.

Ashe ciwon yaron zazzaɓin sauro ne. Aka kai shi asibiti, ya warke. Ila bai ba da haƙuri ba, ba wanda ya ce ya bayar.

Turai ta shiga jarrabawa da ɗauri a dama. Hagu ba ta saba da rubutu ba. Ta san hanyar kowane lissafi, amma kafin ta ninka ta tara, lokaci ya cika. Makinta bai kai na likitanci ba.

Yatsu biyu sun ƙi miƙewa har yau. Ta sake yin rajista bana. Yanzu a simintin ɗakinsu take zanen, da hagu, hagun kuma ta fara sauri. In ta ji tafiya, sai ta goge da ƙafa.