Bidiyon Suna Daga Abu Hail

Shekarun baya, muna zaune a wani tsohon gini a unguwar Abu Hail ta Dubai, Allah ya ba mu ɗan fari. Ranar suna muka yi 'yar walima a falo, na ɗauki bidiyo tun daga addu'a har askin jariri. A Zariya kuwa mahaifiyata ta tara mata, ta yi tuwo da waina, ta kuma yi musu alkawarin kafin su watse kowa za ta ga jikanta.

Na danna turawa da gadara, ai Dubai nake. A falon nan nake kallon ƙwallo ba ta ko tsayawa. Amma bidiyo ya cije, 'yar da'irar nan sai juyawa take.

Ƙanwata ta aiko da saƙon murya daga Zariya: "Yaya, Hajiya ta ce shiru. Mutane sun fara neman takalmansu."

Na ce, "Netiwok ɗinku ne, fita waje." Ta fita. Na ce ta hau bene, ta hau. Saura kaɗan in tura ta kan mangwaro.

Abokina ɗan zangon Kumasi, injiniyan sadarwa, yana gefe yana fama da ragon suna. Ya karɓi wayar ya duba, ya fashe da dariya.

"Massa, bar yarinya ta sauka. Abin ko ƙofar flat ɗin nan bai fita ba."

Ya ce wayar intanet da aka ja a ginin tun asali ta talabijin ce. Hanyar shigowa kamar titi take, ta fita kuwa lungu. Kamfani ba ya gaggawar faɗaɗa lungun, don sai an sauya na'urori unguwa-unguwa, kuma yawancin mutane kallo suke yi, ba aikawa ba.

Kunya ta kama ni, na bar dattijuwa tana ba baƙi haƙuri. Ya ce, "Yalla, manta da dogon fim. Ɗauki fuskar jaririn kawai, shwaiya, ɗan kaɗan."

Na ɗauki ɗan guntu, yaron yana hamma. Shi ma sai da ya yi jan ƙafa, amma ya tafi.

Can sai ga saƙon Hajiya, guɗa na tashi a bayanta. Sunan marigayi mahaifina muka sa wa yaron, sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba. Ta ce, "Na gan shi. Maigidan nawa ya dawo, kuma bai bar halinsa na sa ni jira ba."

Na yi dariya har da hawaye.

Mun bar ginin tuni, layinmu na yanzu ba laifi. Abin da na koya shi ne, idan saƙo ya maƙale in fara duba ƙofata kafin in zagi ta wani. Dogon bidiyon ma daga baya ya isa. Ƙanwata ta ce Hajiya sau ɗaya ta kalle shi, amma hammar nan har yau da ita take karya kumallo.