Kulpash da Maƙwabtanta na Bayan Tudu

Duk makiyayan ƙauyen Karasu sun san Kulpash, wanda bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajera ce kakkaura, ta haura sittin, amma in ta ɗare doki sai ka rantse a kansa aka haife ta. Tun da mijinta ya rasu take kiwon tumakinta ita kaɗai a gindin tudu, kuma shekara goma sha ɗaya kerkeci bai taɓa mata ko ɗan rago ba.

Ba asiri ta yi ba. A bayan tudun akwai ramin wasu kerketai biyu, tsoho da matarsa, kuma tun kakanni makiyaya suke cewa kerkeci ba ya ɓarna a ƙofar gidansa, ba ya kuma barin baƙon kerkeci ya shigo masa yanki. Maƙwabta take ce musu. Ta sani sarai ranar da aka kashe su, kerketai masu yawon banza za su cika wurin, tumakinta sun shiga uku.

A wani hunturu kerketai suka addabi masu dawaki, hukuma ta yi hayar jirgi mai saukar ungulu a bi su ta sama a harbe. Rediyo ya kaure da gardama. 'Yan birni, waɗanda ba su taɓa ganin kerkeci ba sai a hoto, suna ta cewa zalunci ne. Masu dawaki suka ce su zo su kwana ɗaya a garke tukuna. Kulpash ta ce duk surutu ne, a cikin kerketai akwai ɓarawo akwai mutumin kirki, wa zai bambance su daga sama?

Ran nan da hantsi jirgin ya sauka a gaban ɗakinta, ya watsa mata tumaki. Matuƙi ya fito, maharbi ya fito, sai ga ɗan jagora, Orazbek, ƙanin mijinta. Matar aure ba ta kiran sunan dangin miji, don haka tun tana amarya ta laƙaba masa Mai Tumbi, kuma wallahi ya ci sunan.

"Matar yaya, nuna mana ramin mu wuce, rana gajera ce."

"Mai Tumbi, yau a tsaye ake gaisuwa? Baƙi su zo ƙofar yayanka su tafi ba su ga kan rago ba? Je ka kabarinsa ka faɗa masa da bakinka."

Suka tuɓe takalma. Ta sa Orazbek ya yanka ragonta mafi ƙiba, ta ɗora tukunya a kan wutar da ko ƙwai ba za ta dafa da wuri ba. Ta yi ta ɗura musu shayi mai madara. Ta tsare matuƙin da tambayar sunayen kakanninsa har bakwai, ya maƙale a na huɗu, ta yi masa dariya har ya sunkuyar da kai. Da ya dubi agogo ta tambaye shi ko a gidansu agogo ke sallamar baƙo.

Ana cikin haka ta fita duba wuta, ta ga bokitin huhu da sauran tarkacen yanka. Duk ranar da ta yi yanka tana kai wa maƙwabta rabonsu a kan tudu, ba ta taɓa fashi ba. Ko tunani ba ta yi ba, ta hau doki ta juye musu, ta dawo tana 'yar waƙarta.

Sai la'asar sakaliya kan rago ya iso. Aka miƙa wa maharbi don shi ne babba, ya rarraba, aka ci, aka sha romo, aka yi addu'a mai tsawo. Matuƙi ya ce yau kam farauta ta sha ruwa, gida zai nufa kai tsaye, gobe kuma wani yanki aka tura su. Orazbek ya harare ta yana sakace, ya gane wayon amma ya riga ya cika tumbi.

Ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu, daɗi ya cika ta. Jirgin ya tashi, ya haura tudu, sai ta ga ya karkata ya dawo. A kan farar dusar ƙanƙara, a fili fetal, tsohon kerkecin da matarsa suna cin rabonsu. Ta ji harbi biyu, can ta ji na uku. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Kafin ƙanƙara ta narke baƙin kerketai sun ci mata tumaki ashirin da uku. Ta sayar da sauran ta koma wurin 'yarta a birni, a bene hawa na huɗu. Ba a taɓa jin ta zagi masu jirgin ba. In an tayar da maganar sai ta ce ita ce ta kai bokitin.